Makullin Ƙofar Ruwa

Ba wanda ke kiransa da sunan yanka, har matarsa. Baba Mai Ƙofa ake ce masa, don shi ke riƙe da makullin ƙofar da ke sako ruwa daga madatsa zuwa gonakin shinkafa. Ƙofar ƙarfe ce mai sitiyari a sama, an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo. In ya murza dama ruwa ya taho, in ya murza hagu kowa ya koma gida ya jira. Makullin a wuyansa yake kwana, da wata igiya da gumi ya mayar baƙa ƙirin. Matarsa kan ce ranar da ya mutu sai an yi kokawa da gawarsa kafin a cire shi.

Mutum ne marar hayaniya, ba ya son kai, ba a taɓa jin ya fifita gonar wani ba. Aibinsa ɗaya: hannunsa a sake yake da ruwa. Fangalin shinkafa in ruwansa bai rufe idon sawu ba, to Baba ba shi da sukuni. Samari kan tsokane shi su ce, "Baba, shinkafa muka shuka ko kifi?" Sai ya yi murmushi ya ƙara murza sitiyari.

Tsofaffi kaɗai suka san dalili, su ma ba sa son tayar da zancen. Tun yana yaro, kafin a gina madatsa, an yi wani fari da ya ƙone komai. Uwarsu na kwance ba lafiya, sai ya goya ƙaninsa Auta suka nufi tafki neman ruwa. Suka tarar tafkin ya ƙafe, ƙasarsa ta tsattsage har ƙafar mutum na iya faɗawa. Ya sauke yaron, ya yi ta tono da hannu, Auta na bayansa yana cewa, "Yaya, ruwa." Ya faɗa, ya sake faɗa, can ya yi shiru. Ya goya shi ya dawo gida yana lallaɓawa kada ya tashe shi, a zatonsa barci ya yi. Allah sarki. Tun daga ranar Baba bai ƙara iya kallon tsagaggiyar ƙasa ba.

Ana nan, bayan gemunsa ya yi fari fat, gwamnati ta fito da wani shiri na ƙasa baki ɗaya, wai a rage iskar da gonaki ke fitarwa mai ƙara wa duniya zafi. Aka turo malamar gona, yarinya mai haƙuri da kaifin baki, ta tara manoma a rumfar ƙungiya. Ta ce ruwan da ke kwanciya a fangali wata da watanni yana ruɓar da ciyawa a ƙarƙashi, kumfar nan da suke gani tana tasowa ita ce iskar.

Wani daga baya ya ce, "Au, ashe gona ma tana tusa?" Rumfa ta kaure da dariya, har malamar sai da ta dara.

Ta ce, "Tana yi, kawu, kuma ta fi taka yawa." Sannan ta ɗaga wani guntun bututun roba mai huji-huji. Za a kafa shi a kowane fangali. A daina sako ruwa har ƙasa ta bushe ta tsage, ana leƙa bututun, sai ruwan cikinsa ya sauka zuwa wani jan layi da aka zana a ciki sannan a buɗe ƙofa. Shinkafa ba za ta mutu ba, saiwarta na sha daga ƙasa, kuma ruwan da aka rage zai kai wa na ƙarshen fadama da kullum ke kuka. Ta ƙara da cewa zafin nan da ake magana shi ke ƙara jawo fari.

Wannan kalmar ce ta shiga Baba. Ya miƙe ya ce, "'Yata, kina nufin in muka yi haka, fari zai ragu?"

"In kowa ya yi, Baba, a nan da sauran wurare, ana sa rai."

Ya ce ya yarda, kuma wallahi har zuciyarsa ya yarda. Ba gardama ce ta kayar da shi daga baya ba, kada wani ya ce tsoho ne mai taurin kai.

Aka rufe ƙofa. Ruwa ya janye, laka ta yi fata-fata, ta fara ja da baya. Ranar da tsaga ta farko ta buɗe, Baba na tafe kan kunya da rana tsaka, ba kowa a fadama sai balbelu. Sai ya ji, daga ƙasa, a hankali, da muryar da bai manta ba: "Yaya, ruwa." Ya tsaya cak. Ya waiga, ba kowa. Bai san lokacin da ƙafarsa ta kai shi bakin ƙofa ba, sai ƙarar sarƙa ya ji a hannunsa. Kafin la'asar fadama ta cika maƙil.

Shugaban ƙungiya, wanda ɗan abokinsa ne, ya same shi har gida, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, don girman Allah kada a kuma. Masu duba aiki na zagayawa. In suka sake tarar da ruwa kwance, za a cire mu daga shirin, jama'a kuma ba za su yafe mini ba. Dole in karɓi makullin, ni kuwa ina jin kunyarka."

Baba ya dafe ƙirjinsa inda makullin yake, ya ce ba za a kuma ba.

Ya yi ƙoƙari, kai, bawan Allah ya yi ƙoƙari. Da ƙasa ta sake bushewa sai ya riƙa toshe kunne da auduga. Ya koyi durƙusawa ya leƙa bututu, ya ga ruwa na ƙyalli a can ciki, ya ce wa kansa, ga shi nan, akwai ruwa, ba wanda ke jin ƙishi. Shinkafa kuwa tsanwa shar, ko a jikinta. Matarsa ta lura ya daina cin abinci sosai, sai ta riƙa biyo shi gona da tsakar rana, ta zauna kusa da shi tana yi masa surutun jikoki da tsadar sabulu, don dai kada wurin ya yi shiru.

Ta ce, "Malam, wanda ya tafi ya tafi. Yana inda ba ƙishirwa."

Ya ce, "Na sani. Kunnena ne bai sani ba."

Ran nan jikarsu ta tashi da zazzaɓi, matar ta kai ta asibiti, Baba ya fita shi kaɗai. Tsagogin sun yi faɗi, yatsa na shiga. Ya leƙa bututu, ruwa bai kai jan layi ba tukuna, saura kaɗan. Ya zauna ya juya wa gonar baya. Auduga ba ta hana komai ba, don muryar ba ta waje take zuwa ba. Tun tana kira har ta fara dishewa, tana yin ƙasa-ƙasa, kuma ya san abin da ke biyo bayan wannan dishewar. Wannan shirun ne ba zai iya jira ya sake ji ba. Ya tashi ya buɗe ƙofa, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Bai jira an zo karɓa ba. Da yamma ya je rumfar ƙungiya, ya ciro igiyar daga wuyansa, ya ajiye a gaban shugaba. Ba wanda ya iya ɗaga ido ya dube shi. Malamar gona ta roƙi masu duba aiki, aka bar su cikin shirin, aka ba wani saurayi makullin. Yaron yana bin jan layi sau da ƙafa, kuma ba laifi, yana yi daidai.

Baba bai daina zuwa fadama ba. Duk lokacin da aka rufe ruwa ƙasa ta tsage, za ka gan shi da tsakar rana da 'yar buta, ya ɗebo daga magudana, yana bin tsagogin ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu ruwa. Ba dokar da ta hana buta, samari ma sun daina tsokanarsa.

Wata rana malamar ta tarar da shi a durƙushe. Ta ce, "Baba, wannan ruwan ai ba zai kai wa shinkafa ko'ina ba."

Bai ɗago ba, ya karkata butar a hankali kada ya zuba da yawa lokaci guda. Ya ce, "Na sani, 'yata. Ba nata ba ne."