Ranar da Na Kama Hannun Surukina

Shekara biyu ina aure a Badarawa, surukina bai taɓa jin wata magana daga bakina ba in ban da gaisuwa. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa, in ce Baba ina kwana, in sulale. Haka aka raine ni, kuma ban ga laifin abin ba.

Baba baduku ne, a kan fata ya ƙare ƙuruciyarsa har idonsa ya fara dushewa. Da asibiti suka ce sai haƙuri, sai ya tsiro da wani buri. Wai fatar dabbobi iri-iri ta bi ta hannunsa, amma bai taɓa ganin giwa a tsaye ba. Maigidana, da ba ya iya ce wa tsohon a'a, ya aro motar abokinsa. Ni kuma aka tafi da ni saboda girki.

Wuni guda muka yi a hanya kafin mu isa wani gandun daji mai giwaye. Washegari aka haɗa mu da wani ma'aikacin daji, ya kafa mana doka: ba fita daga mota, ba danna hon, ba ɗaga murya.

Can tsakiyar daji motar ta ɗau zafi ta tsaya. Maigidana da ma'aikacin suka ɗauki jarka suka gangara rafi. Aka bar Baba a gaba, ni a baya. Sai na ga ya leƙa rana, ya lalubo buta. La'asar ta yi. Mutumin da tun a Rigachikun ya sa aka tsaya ya yi walaha, wa zai ce masa ya jira? Na so in ce Baba an hana. Maganar ta zo har wuya, kunya ta mayar da ita.

Ya yi alwala, ya shimfiɗa buzu nesa kaɗan da mota, ya kabbara. Yana raka'a ta biyu na ji reshe ya karye. Giwa ce ta fito ta bayansa, ɗanta na biye. Ta tsaya cak, ta baza kunnuwa, ta ɗaga hanci tana shinshina iska. Baba na ta karatunsa.

Tsoro ya kama ni. In na yi ihu, ita zan tunzura. In na jira ya sallame, Baba ba mai gajeriyar sura ba ne. Na buɗe ƙofa a hankali, na cire takalmi, na taka ƙasa mai zafi. Na lallaɓa na isa gare shi, na damƙi tsintsiyar hannunsa.

Ya ƙame. Na ce a ƙasa-ƙasa, "Baba, giwa ce. Ka biyo ni."

Ya bar buzun da butar, ya biyo ni. Muka shiga kujerar baya tare, na ja ƙofa. Giwar ta matso, ta taka butar ta fashe, ta tsaya dab da gilashi har numfashinta muke ji.

Baba ya ƙura ido ya daɗe. Sannan ya ce, "'Yar nan, duhu kawai nake gani. Faɗa mini yadda take."

Na faɗa masa cikin raɗa: haurenta ɗaya ya gutsure, akwai busasshen taɓo a bayanta, ɗan ya ɓuya tsakanin ƙafafunta. Ya tambayi fatar. Na ce duk tamoji ce, kamar tsohon buzunsa. Ya yi murmushi. Ni kuwa hawaye nake yi, don a nan na gane ya makara.

Da ta wuce ya rama sallarsa a zaune. Bai gaya wa ɗansa na taɓa shi ba, ni ma ban faɗa ba.

Damina biyu bayan haka idon ya rufe gaba ɗaya. Gidan cike da 'ya'ya da jikoki, amma in zai fita tsakar gida shan hantsi, sai ya miƙo hannu ya ce, "Ina 'yar nan?"