Neman Kufan Alfa, Da Kawu A Kariya

Talata Mafara

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, gari bai gama wayewa ba. Sunana Garba, mahauci ne ni, keken kuma shi ne wanda nake kai nama kasuwannin ƙauye da shi. Ranar nan dai ba nama na ɗauko ba, kawuna na ɗauko, Malam Isa, wan mahaifiyata. Na ninke buzunsa na ɗaure a kariyar bayan keken don kada ƙarfe ya ci shi. Ya hau ya zauna, buta a cinya, hannu ɗaya riƙe da rigata.

Abin da ya fito da mu, idon Kawu ne ke rufewa. A asibiti an gaya masa ganin da ya rage masa ba shi da yawa. Kakansa kuwa, Alfa Buba, malami ne da ya karantar a wani gari mai ganuwa tun kafin Turawa su san hanyar ƙasar nan, lokacin da Sakkwato ke ba da tuta. Can ya rasu, can aka rufe shi, daga baya garin ya watse ya zama kufai, ana ce masa Kufan Alfa. Sau ɗaya tak Kawu ya taɓa zuwa, yana yaro, a bayan mahaifinsa, kuma duk wanda ya san wurin a danginmu ya riga mu gidan gaskiya. Shi ne ya kira ni ya ce, "Garba, kai ni in ga makwancin kakana tun idanun ga na gani. Kai ma ka ga hanya, kada ta ɓace da ni."

Na ce mu shiga mota. Ya ce mota ba ta bin inda suka bi. Na ce to, ina ne?

"Akwai babban tabki, akwai ganuwa da ta zube, akwai kuka."

"Haba Kawu! Wane gari ne duk Zamfara ba shi da kuka?"

"Kai dai tuƙa, ɗan fawa, bar surutu."

Tunda babban tabkin da na sani shi ne Natu, sai na nufi wajen Bakura.

Birnin Tudu

Muna shiga gonakin noman rani kaina ya fara juyawa. An baje ƙasar nan kamar faifai, shinkafa a nan, alkama a can, albasa a gaba, ga magudanan siminti sun raba ta, kowace kamar 'yar'uwarta. Kawu yana ta tambaya ko mun iso tsamiyar da hanya ke rabuwa biyu. Babu tsamiya, babu dalilinta. Na bi wata magudana, na karya na bi wata, sai ga ni gaban wani mai ban ruwa da na gaisar ɗazu. Ya ɗago ya ce, "Sannunku da sake zuwa!" Ga karnuka biyu sun jiyo ƙarnin nama a kariya sun biyo mu, Kawu yana korarsu da buta.

Da hantsi muka shiga Birnin Tudu. Muka yi sallama a zauren wani dattijo, aka shimfiɗa tabarma, aka shiga gaisuwa: gajiya, iyali, mutanen Mafara, sanyi, dabbobi, har na fara gyangyaɗi. Aka dama fura muka sha. Sannan Kawu ya tambayi Kufan Alfa.

Dattijon ya dubi farin gemun Kawu, ya dubi ƙasa, ya ce, "Awo, ai nan baya na, Malam."

Wallahi ji na yi kamar in yi guɗa. Ya kai mu wani tudu bayan gari, ga kasake warwatse, ga kuka ta tsufa har ta yi kogo. Kawu ya tuɓe takalmi, ya yi wa mamata sallama, ya daɗe yana addu'a, hawaye na bin gemunsa. Da ya shafa, sai ya waiga ya ce, "To ina tabkin?"

"Tabki kam, Malam, sai Bakura."

Na ja dattijon gefe na ce, "Baba, don Allah, ka taɓa jin sunan Alfa Buba?"

Ya ce, "Ɗana, babban malami kamar wanga shi taso tun daga Mafara bisa keke, in dube shi in ce ban sani ba? Ai da kunya. Kuma kufai na, akwai malamai kwance ciki."

Na yi masa godiya, don furarsa ta yi daɗi.

Bakura

Tsakanin nan da Bakura ƙaya ta huda tayar baya. Na zaunar da Kawu a inuwar gawo na yi faci, na buga famfo har kafaɗata ta yi tsami. Bayan la'asar muka isa, muka sauka gidan wani limami da ya taɓa ɗaukar karatu wurin Kawu. Ya rasa inda zai sa mu don murna. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ga hoce, wainar dawa, an ajiye mana na guzuri.

Da safe ya raka mu bakin Natu. Wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Bado ya rufe gefe guda, agwagin ruwa suna tashi suna sauka, masunta suna kwance bisa gora suna iyo da shi. Kawu ya kare ido da tafin hannu ya daɗe yana kallo, ya ce yana ganin haske amma ba ya ganin iyaka. Liman ya ce ai ya san Kufan Alfa sarai. Ni kam na fara gane irin wannan "sarai" ɗin. Ya kai mu inda wata tsohuwar ganuwa ta narke ta koma kamar kunyar gona, awaki na hawa. Kawu ya sake tuɓe takalmi, ya sake addu'a.

Da muka koma kan keke na ce, "Kawu, nan ne?"

"Ganuwar ta yi kama. Amma da munka baro tabki, rana cikin idona take."

"Da safe ko da marece?"

Ya ce, "Shi ne ban iya tunawa ba."

Inna lillahi! In da safe ne gabas suka yi, in da marece ne yamma. Na tsaya a mararraba, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a feda, ban san inda zan sa kan keke ba. Wata mai tallan nono ta zo wucewa, ta ce a Damri akwai tsofaffin da suka san komai. Sai muka yi Damri.

Damri

Hanyar nan yashi ne zalla. Na sauka ina tura keke, Kawu na zaune a sama kamar kayan da zan kai kasuwa. Ya ce bari ya sauka ya taka, na ce a'a, in ya faɗi me zan gaya wa Inna?

Mun tarar kasuwa na ci. Na nufi rumfar mahauta, nan ne nake da 'yan'uwa ko'ina na je. Sarkin Fawa ya sa aka kawo mana balangu, mutane suka taru. Ina faɗin Kufan Alfa, hannu uku suka tashi lokaci guda, ɗaya ya nuna arewa, ɗaya kudu, ɗaya ya nuna hanyar da muka fito. Kowa yana rantsuwa kakansa ya gaya masa. Wanda ya fi ƙarfin murya shi ya ci, ya ja mu wani kufai mai ramukan marina da suka cike da ƙasa. Ba tabki, ba ganuwa, ko kukar ma babu.

Nan haƙurina ya ƙare. Ƙafafuna sun kumbura, kwana biyu ban yanka ko akuya ba, ga tsoho ya sunkuya zai kwance takalmi.

"Kawu, kada ka tuɓe! Ba nan ba ne. Kunyarka kawai suke ji, duk inda munka je sai a nuna muna kufan garinsu."

"Na sani, Garba."

"Ka sani?"

"Tun Birnin Tudu na sani. To amma waɗanga da ke kwance nan, wa ka zuwa gare su? An kawo ni har bakinsu, in juya ban yi musu sallama ba?"

Ni ma na tuɓe nawa.

A gidan Sarkin Fawa muka kwana. Da safe wani tsohon dillalin shanu ya zo gaishe da Kawu, hira ta yi hira, har ya tambaye shi yadda suka isa kufan a wancan zuwan. Kawu ya ce ayarin masu shanu suka bi, sun ƙetare ruwa a wani wuri mai duwatsu, mahaifinsa ya ɗauke shi a wuya.

Dillalin ya ce, "Ruwa mai duwatsu? Malam, anya tabki kag gani ba gulbi ba? Yaro in ya ga gulbi ya kawo, tabki yaka ce mishi. In mashigin shanu na da ne, to wajen Maradun yake. Allah dai ya sani, amma ina jin baya kunka ba wurin."

Wato kwana biyu ina tuƙa keke ina nisanta da inda za ni.

Maradun

Wuni guda muka yi muna komawa gabas. Na bi babbar magudana ban yarda na karya ko'ina ba. Sarƙa ta zame sau biyu, muka ci hocen liman da ruwan buta, muka yi azahar a gindin giginya. Kawu ya daina ba ni labari, sai jan carbi, wani lokaci in ji goshinsa ya jingina a bayana. Tsoro ya kama ni, na riƙa kiran sunansa don in ji ya amsa. Gab da magariba muka shiga Maradun, wani mai sayar da shanu da na sani ya ba mu masauki.

Bakolori

Da safe muka gangara dam, inda aka tare gulbin, don can mai masaukinmu ya ce mu tambaya. Mai gadi ya tare mu a ƙofa ya ce ina za mu. Na ce ziyara. Ya ce ziyarar wa, a ruwa? Na ce wallahi ni ma abin da nake son sani ke nan. Ya yi dariya, ya gaishe da Kawu, ya nuna mana hanyar masunta.

Ban taɓa tsayawa na kalli ruwan nan da kyau ba sai ranar. Ya tafi har inda ido ya gaza, can tsakiya kawunan matattun itatuwa sun leƙo, balbelu na zaune a kai. Wani masunci mai suna Mamman yana gyaran koma, ragarsa ta kamun kifi, a baki. Na jingine keke, muka gaisa, na ce ko zai shiga da mu. Muka tallabi Kawu muka sa shi cikin kwalekwale.

Da muka yi nisa Kawu ya tambaye shi mashigin shanu mai duwatsu. Ya ce yana ƙarƙashinmu, komarsa ta sha maƙalewa a duwatsun. Kawu ya ce, "To Kufan Alfa hwa?"

Mamman ya ɗaga filafili daga ruwa ya ɗora a cinya. Ya ce, "Malam, ban sani ba. Kufai ba ɗaya ba ne cikin ruwan ga, ban da garuruwan da anka tayar. Ko shina ciki, ko shina tudu, ban sani ba. Ka yi haƙuri."

Na zata Kawu zai ce a juya. Sai ya tambayi alƙibla. Mamman ya karkata kwalekwalen. Kawu ya tuɓe takalmi a cikin jirgi, ya ɗaga murya ya yi wa mutanen ƙarƙashin ruwa sallama gaba ɗaya, ya kira sunan Alfa Buba, ya kira na mahaifinsa. Ya daɗe yana addu'a, mu biyu muna amin. Sannan ya tsoma hannu ya shafi fuskarsa, ya buɗe idanun nan iya buɗewa yana duban ruwa.

Na ce a hankali, "Kawu, nan ne?"

"Ban sani ba, Garba. Ni ma ban sani ba."

Nan ya fashe da kuka irin na yara, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Mamman ya juya kai yana kallon balbelu har muka gama.

Gida

Bayan la'asar muka shigo Mafara, ƙura har gira. Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Allah ya saka wa duk wanda ya ba mu ruwa da tabarma da alheri, har da waɗanda suka ɓatar da mu don girmamawa, ban riƙe kowa a zuciya ba.

A ƙofar zaurensa na sauke Kawu. Ƙafafunsa sun sage, sai da na rungume shi na zaunar. Zan miƙe ya damƙe wuyan hannuna, ya matso da fuskarsa daf da tawa don ya gan ni.

"Garba, ka ga hanya? In ba ni, kana iya kai ɗiyanka?"

Ni da ko magudanar da muka bi ranar farko ba zan iya nunawa ba. Wuri huɗu muka tsaya, ban san ko akwai na gaskiya a cikinsu ba. Na dubi idanun nan da fari ya kusa cinyewa, suna rawa suna nemana.

Na ce, "Na gani, Kawu. Ina iya kai su."

Ya saki ajiyar zuciya, ya sake min hannu. Ya ce, "Madalla. To yanzu ko sun rufe, ba komi."

Na fita waje na tsuguna gaban keke, na daɗe ina duba sarƙar da ba abin da ya same ta.