Ƙwaryar Ruwa a Motar Sabo

Shekarun da aka karɓi mulkin kai, duk Dogon Dutsi babu wanda bai san motar Sabo makaniki ba, wata tsohuwar akwala da wani Bature ya tafi ya bari. Ranar kasuwa yana kai fasinja Dogon Kiriya, sauran ranaku kuwa ƙafafunsa kawai ake gani a ƙarƙashinta.

Uwarsa, Inna Lantana, ƴar Dogon Kiriya ce, aure ya kawo ta Dutsi. Ciwon baya ya kwantar da ita, ga shi ba ta da buri a duniya sai ta sake ganin yayarta Sa'a, wadda makanta ta zaunar a can. Hanyar kuwa gargada ce zalla. Matan Fulani ma tsokanar Sabo suke yi, wai in sun shiga da nono, da man shanu suke sauka.

Sai Sabo ya rantse ba zai ɗora uwarsa a wannan azaba ba. Ya zare ganyen ƙarfe biyu daga sifirin da ke ɗauke da nauyin motar a kan tayoyi, motar ta yi laushi amma ta kama rawa. Ya haɗa faya-fayan ƙarfe da fatar raƙumi a tsakaninsu don su shanye girgizar, ya jawo musu sanda har gefen kujerarsa: in ya hango gargada ya ɗaure, in ya shiga rairayi ya sassauta. Ma'auninsa ƙwarya ce cike da ruwa, a kujerar da Inna za ta zauna. Ya ce ranar da ta isa ba ta zube ba, ranar za su tafi.

"Ɗana, jaki ya kawo ni garin ga," in ji Inna. "Mi a girgiza? Kai ni hakanan."

"Ki ƙara haƙuri, Inna, saura kaɗan."

Gaskiya Sabo gwani ne, amma taurin kai gare shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Kullum ya dawo, Inna sai ta tambaye shi yadda ya ga Sa'a, har da irin zanen da ta ɗaura. Kewa tana cin ta, shi kuwa yana ba ta labarin ruwan da ya rage a ƙwarya.

Ranar da ƙwaryar ta isa a cike, murna bai gama yi ba aka tare shi da rasuwar Sa'a, har an kai ta.

Washegari ya ɗauko Inna zuwa gaisuwa. Motar ta tafi lafiya lau, har barci ya sace tsohuwar a hanya. Da suka tsaya ƙofar gidan ta daɗe tana kallon zauren.

"Ko kaɗan ban ji ciwo ba, Sabo," ta ce. "Da ka kawo ni bara, in ji ciwon, in ji muryatta."