Haƙorin Ladi a Cikin Indararo

Jama'a, yau na ciro wani abu a kan rufin mutane!

Da sassafe wata malamar makaranta, Maman Ladi, ta kira ni gidanta a unguwar Muchia in share mata indararon rufin kwano. Ganyen mangwaro da laka sun toshe shi, sun daskare kamar siminti. Ga sanyi, yatsuna har ba na jin su. Na hau tsani ina ƙwaƙulewa da ƙarfe.

Sai ga wani ɗan ƙullin leda! Na kwance. Tsakuwoyi ne 'yan ƙanana, da haƙorin yaro guda ɗaya. Kun san yadda yara ke jefa haƙori kan rufi don sabo ya fito da kyau.

Na sauko ina dariya. Na ce, "Mama, ga ajiyar wani mai giɓi!"

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta zauna a ƙasa daɓas.

Ta ce, "Na Ladi ne. Ni na ƙulle mata. Sau uku tana jifa kafin ya hau."

Na ce, "To ina take, ta zo ta gani?"

Ta ce, "Zazzaɓi ya ɗauke ta da damina, Malam Yohanna."

Wayyo Allah!

Ta ƙulle ledar, ta miƙo mini.

"Don Allah hau ka mayar inda ka same shi. Sabon bai riga ya fito ba."

Na hau na mayar.