Taku Ashirin, Ba Waiwaye

Ni mace ce mai zargi, kuma ba yau na fara ba. Tun ina aji uku a makarantar kwana ta 'yan mata a Minna, farkon shekarun tamanin, idan aka yi mini fara'a fiye da kima sai in shiga laluben abin da ke ƙarƙashinta.

A shekarar ne malamar wasanni ta sa ni cikin 'yan gudun miƙa sanda. Mu huɗu ne, kowacce ta yi mita ɗari ta miƙa wa ta gaba. Ni aka ba wa ƙarshe, wurin da ake shan tafi. Kafin zuwana, wurin na wata 'yar aji biyar ne, 'yar manoman doya daga bayan Bosso, doguwa mai faɗin taku. Malama ta mayar da ita ta uku, wato ita za ta riƙa miƙo mini sanda. Shekararta ta ƙarshe ke nan, kuma makarantar da ta ci gasar da ke tafe, 'yan gudunta ne za su wakilci jiha. Sau biyu tana rasa tafiyar nan da ƙyar, kowa ya san yadda ta ƙwallafa rai a kanta.

Ranar da aka canja mu ko ɓata rai ba ta yi ba. Har dafa kafaɗata ta yi, wai na fi ta gudu. Nan take na sa mata ido. Wa za a ƙwace wa wuri ya tsaya yana murmushi?

Malama ba ta yarda da a yi ta gudu kawai ba. Za ki tsaya a wurinki, ki auna taku da tafin ƙafa zuwa baya, ki ajiye marfin kwalba. Kina kallon mai zuwa har ta iso marfin, sai ki zura da iyakar ƙarfinki, ido a gaba. Idan kin ji ta ce "Hannu!" ki miƙa hannu baya, ta danna miki sanda a tafi. A tsaye muke farawa, sai a tafe, sai sassarfa, sannan gudu, kullum bayan la'asar har hannu ya koya da kansa. Doka ɗaya ce: da kin tashi, ba waiwaye.

Ta ɗaya da ta biyu sun gane abin cikin mako guda. Mu kuwa kullum sandar tana ƙasa, kuma ni ake wa tsawa. Ko 'yar aji biyar ɗin ta buge mini diddige, ko in ji numfashinta a wuyana kafin in yi taku uku. Na ce a raina da gangan take yi, so take Malama ta gaji da ni.

Wata rana 'yar aji biyar ɗin ta ja ni gefe, da irin Hausarta ta kasuwa wadda ba ta bambance mace da namiji.

"Kai ƙanwata, taku goma sha biyu ya yi kaɗan. Ni ina zuwa da ƙarfi. Ka sa ashirin, ka tashi da wuri, zan same ka."

"To, Siniya," na ce, ina kallon ƙasa.

Muka gwada ashirin a gaban Malama. Sandar ta shiga hannuna sumul, ina tsakiyar gudu, ban rage ko kaɗan ba. Muka sake, haka. Muka yi ta yi har mako biyu, ba ta ƙara faɗuwa ba, agogon Malama ma ya nuna mun ƙara sauri. Mai hankali da ya huta. Ni kuwa sai na ce na gano tarkon. Ranar gasa za ta ɗan sassauta ƙafa, ni in tashi da wuri in wuce layin miƙawa hannu wayam, duk Minna ta ga 'yar aji uku ta gudu ta bar sanda.

Da safiyar gasar Siniya ta kawo mini lemo biyu. Na yi godiya, na zagaya bayan ɗakin kwana na jefar da su cikin ciyawa. A filin kuma na auna ashirin Malama tana kallo. Tana juya baya na sa ɗan yatsan ƙafa na janyo marfin zuwa goma sha biyu.

Aka busa usur. Da Siniya ta karɓi sanda ta shawo kwana ita ce a gaba, da tazara mai kyau, kanta a sama. Ta iso marfin, na tashi. Ban yi taku uku ba na ji ta a kaina, sai na yi abin da aka hana: na waiwaya don in ga me take ƙullawa. Kafaɗata ta daki ƙirjinta. Ta kife a kan tsakuwa, sandar ta gangara. Da rarrafe ta kai gare ta, ta miƙe, ta cusa mini a hannu.

"Gudu! Gudu mana!"

Ta huɗu na zo.

Malama ta taho kamar za ta cinye mu, tana tambayar wa ya yi wannan aiki.

"Ni ne, Malama," in ji Siniya. "Na yi tuntuɓe."

Da mutane suka watse na hango ta ta koma wurin da na tsaya, jini na bin ƙwaurinta. Ta fara jera tafin ƙafa, ɗaya a gaban ɗaya, tana ƙirgawa. A goma sha biyu ta tsaya, ta sunkuya ta ɗauki marfin. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na jira zagi, na ma so ta zage ni. Ta zo ta kama hannuna, ta danna mini marfin a tafi, daidai yadda take danna sanda.

"Ka ajiye. Baɗi ka sa shi a ashirin."

Da shekara ta zagayo na sa shi a ashirin, ban waiwaya ba, muka ci, na shiga motar wakilan jiha. A kan hanyar fita gari muka bi ta Bosso. Na yi ta leƙen masu tallar doya a bakin titi, ina neman doguwa a cikinsu, ina kuma addu'ar kada in gan ta.