Tantin da aka kafa a gonar gandunmu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabi'u mai ɗinkin tamfol, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye. Bana ma ba ƙarfi na samu ba, maganar ce ta ishe ni a ciki, na ga gara in faɗa in huta.

Mutanen Funtua da suka ga zamanin auduga sun san shi. Shi ne mai rumfar nan ta bakin tasha, da ƙaton kekensa na ɗinki da basilla soke a hula, yana ɗinka tamfol ɗin rufe manyan motoci. Yaya ya yarda da yadi fiye da siminti. Yakan ce yadi ba ya cin amanar wuri, in ka gama da shi ka naɗe ka saɓa a kafaɗa.

Da auduga ta ja baya, sai ya koma ƙauyenmu da ke bayan Dayi, ya rungumi gonar gandun da mahaifinmu ya bari. Ba wata babba ba ce, amma ita ke ciyar da gidansa, ita kuma yake cewa zai bar wa ɗansa Mansur. A nan mutanen wani kamfanin haƙar ma'adinai suka same shi. Dutsen da suke nema yana tudun bayan gonar, a wajenmu aron fili kawai suke so don su ajiye kayan aiki.

To, a wajenmu aron gona yana da doka tun kaka da kakanni: ba ka dasa itace, ba ka ɗora tubali. Wanda ya yi gini ko ya dasa mangwaro, gobe jikansa zai ce gonar kakansa ce. Saboda haka tambaya ɗaya dattawa suka yi musu a zauren mai unguwa: za ku yi gini? Suka ce a'a, tanti za su kafa. Sai kowa ya juya wajen Yaya, tunda shi ya san yadi.

"Ku bar su," in ji shi. "Wanda ya zo da ɗakinsa a naɗe, a naɗe zai tafi da shi. Baƙo ai raɓa ne."

Kai, ba mu taɓa ganin tanti irin wannan ba! Ƙarafuna ne lanƙwasassu aka jera, aka lulluɓe da farin yadi mai kauri, tsayinsa ya ɗara masallacinmu. Tipa takan shiga da kayanta ta juya ta fito. Gefe guda injin niƙa dutse, gefe guda tarin garin dutsen da ba a so ruwa ya taɓa, can ƙurya kuma kanikawa na gyaran injuna a inuwa. Damina ta sauka, aikinsu bai tsaya ba. Yaya ya je ya shafa gaɓar yadin, ya dawo yana ba mu labari wai babu zare ko ɗaya, da zafi aka liƙe. Murna yake yi kamar shi ya ɗinka.

Amma kafin a kafa tantin, katafila ta kankare ƙasar sama ta ture, aka zuba tsakuwa aka daddaɓe. A idonmu aka yi. Tunda ba mu ga tubali ba, babu wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Dokar kakanninmu itace da tubali ta sani, ba ta san katafila ba. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan karon manyan ma ba su hango ba.

Yaya ya rasu tantin yana tsaye. Har a kwanciyar jinyarsa yana ce wa matarsa, Yaya Hajara, ta kwantar da hankalinta, gonar Mansur tana nan.

Maganarsa kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Da dutsen ya ƙare, suka kwance ƙarafunansu, suka naɗe yadinsu, suka ɗora a mota. Ba su yi mana gardamar ko taku ɗaya ba. Mai unguwa ya kira mu ya ce ga gonarku nan. Wallahi sunan gona kawai aka maido mana. Ƙasa ta koma kamar daɓen ɗaki, ga baƙin mai ya jiƙa ta, garma ta shiga ta fito a lanƙwashe. Mansur ya yi ta jidar taki damina bayan damina, dawa ta fito iya gwiwa ta yi ja ta tsaya. Yanzu acaɓa yake yi tsakanin Dayi da Malumfashi, ya fita da sassafe sai magariba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana raye. Na san ba zai zagi tantin ba, don tanti bai yi ƙarya ba, ya tafi kamar yadda ya ce. Ina jin zaure-zaure zai riƙa bi yana roƙon dattawa su sauya tambaya, su daina tsayawa a kan abin da za a ɗora bisa gona, su tambayi abin da za a yi wa ƙasar kanta. Ni na faɗa har bakina ya gaji. Kwanan baya na ji an sake yin irin wannan zaman a wani ƙauye, kuma tambayar nan ɗaya aka yi.

Me ya rage na Yaya? Kekensa ya yi tsatsa, rumfarsa ta zama shagon cajin waya. Abin da ya rage shi ne tamfol na ƙarshe da ya ɗinka wa gidansa don shanyar hatsi, har yau ko zare ɗaya bai saki ba. Da kakar bana na je gaishe su, na tarar da shi shimfiɗe a ƙofar gida, masara ta cika shi fal tana shan rana. Murna ta kama ni.

Na ce, "Yaya Hajara, gonar ce ta farfaɗo?"

Ta ci gaba da korar kaji, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ta maƙwabta ce. Tamfol ɗin suka ara."