Tukunyar da Baba Osaka ya binne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labari ya iso ni. Ina tsaye wurin jiran bas a unguwar Glenwood waya ta yi ƙara. Malam Habu ya rasu. Wanda duk Hausawan Greensboro muke kira Baba Osaka.

Bas ta zo ta wuce ban shiga ba.

Bayan sallar asuba ya ce wa matarsa Mama Rabi ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

Gobe bayan azahar za a yi jana'iza. Amma tun hantsi wani dattijo da ba zan faɗi sunansa ba ya kira ni. Ya ce, "Kai da ka san gidan, batun tukunyar nan gaskiya ne? Don mutane su san ko za su tsaya a yi masa sallah."

Wai ko za a yi wa Malam Habu sallah!

Shi ya sa ban je aiki ba, na taho laburare na zauna gaban kwamfuta. Ni na ƙulla wannan magana, dole ni zan kwance ta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Badamagare ne, makanike. Shekara tara ya yi a birnin Osaka na Japan yana kwance tsofaffin motoci ana loda kayan a kwantena. Abokan tafiyarsa kowa ya dawo da mota da agogo. Shi kunne ya dawo da shi.

Ni Bakano, shi Badamagare, kun san wasan da ke tsakaninmu. Ranar da aka fara kai ni garejinsa, ko sallamata bai gama amsawa ba ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe Bakano ya shigo? Ku ƙirga sifanu!"

Na ce, "Baba, ubangidanka ne ya zo duba bawansa."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya dubi 'yar rigar da ke jikina cikin sanyin Janairu, ya cire jaket ɗinsa ya wurgo min. Ba a sake zancen jaket ɗin ba.

A gidansa akwai wani ɗaki cike da sidi da kaset na mawaƙan Japan. In na ce mawaƙa ma na yi ƙarya, don ba waƙa a ciki. Ran farko da ya kunna min ɗaya, tashi na yi na bubbuga sifikar.

Na ce, "Baba, injinka ya lalace."

Ya ce, "Kunnenka ne ya lalace. Zauna."

Na zauna. Farko kamar injin niƙa ya haɗiye dutse. Sai ɗif. Can sai wani siririn kuka ya taso, ya ce min wata mata ce ke goga bakan goge a gefen kwanon rufi. Ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, har na ji shi a cikin haƙorana. Ni da ba na iya minti biyu ban tsokani wani ba, rannan na yi rabin awa bakina a rufe.

Akwai molon Japanawa mai tsirkiya uku da ake kaɗawa da wani abu kamar na kankare fenti. Akwai sarewar gora da rabin kukanta iska ce kawai. Sauran kuwa shi ya ƙera da hannunsa, sifirin mota, zarto, gangar birki, kowanne ya maƙala masa 'yar waya zuwa sifika. Ya taɓa sifirin da ƙusa, ɗakin ya ɗauka kamar hadari na tasowa daga gabas.

A bango ya manna wasu takardu masu ɗigo-ɗigon baƙar tawada da layuka. Ni da allo kaɗai na sani, na ce, "Wannan kuma wane irin hatimi ne?"

Ya ce makaɗan can ita suke karantawa. Inda tawada ta yi kauri su daka, inda ta tsinke su sassauta, inda takarda take fara fat su yi shiru. Ya miƙo min buroshi ya ce in zana da'ira ɗaya da numfashi ɗaya. Tawa ta fito kamar ƙosan da ya faɗo ƙasa. Ya ɗaga ta ya daɗe yana kallo, ya ce, "Hannun mai rubutun allo ba ya ɓuya." Ya manna ta cikin na Japanawa.

To ga batun tukunya.

A Japan, in ji shi, a lambu suke binne tukunyar ƙasa a kife kusa da wurin wanke hannu. Gindinta na da 'yar huda. Ruwan da ya zube ya bi ta tsakuwa, ya riƙa ɗiga cikin tukunyar ɗigo ɗaya ɗaya, ita kuma ta amsa. Malam Habu ya ce mu da muke wanke hannu sau biyar a rana mun fi kowa cancantar wannan abu. Sai ya yi ta a wurin alwala, a filin da ke bayan gidansa.

Da ni aka je shagon sayar da kayan lambu. Tukunyar shuka fulawa ce. Ya ƙwanƙwasa sun fi ashirin da bayan yatsa kamar tsohuwa mai zaɓen tulu, Bature mai shago na kallonmu. Ni na haƙa ramin. Gorar da ake kara wa kunne a ji sautin ni na saro a wani gida da muke yankan ciyawa a garin Summerfield, da izinin masu gidan.

Ba laya a ciki. Ba ƙaho, ba gashi, ba rubutu. Ruwa ne da iska.

Da ya zuba butar farko na kara kunne, sai da na ce subhanallah da ƙarfi. Kamar ƙananan ƙararrawa a ƙasan rijiya, kowace da muryarta, babu ɗigon da ke maimaita ɗan'uwansa. Ruwan alwalar da muke zubarwa kullum ba mu waiwaya ba, ashe yana da abin faɗi.

Sai bakina ya ja min.

A wani taron suna, ana cikin cin shinkafa, na ce, "Ku yi hankali da Badamagaren nan, ya binne tukunya a gidansa, aljanun Japan ke masa kiɗa." Har kwaikwayon muryarsu na yi. Aka yi dariya, na ji daɗi.

Na manta a wurinmu in aka ce mutum ya binne tukunya, an gama magana.

Kafin sati biyu zance ya bi katin waya ya je Damagaram ya dawo da ƙari. Wai baƙin zakara ya yanka a kai. Masu zuwa gidansa shan shayi ran Lahadi, su bi shi la'asar, suka fara janyewa. Mama Rabi takan dafa tuwon mutum goma sha biyar. Na ga ranar da mu uku muka zauna gaban kwanon.

Ban warware maganar ba. Kunya nake ji a ce wasana ne ya jawo.

Ganinmu na ƙarshe Alhamis ɗin da ta wuce ne, da yamma. Na same shi tsugune yana gyara tsakuwa. Na fara, "Baba, maganar nan da ake ta yi, ni ne..."

Ya ce, "Na sani tun ranar. Wa ke da bakin nan in ba Bakano ba? Zuba ruwa, kana rufe min sauti."

Na zuba. Muka kasa kunne. Ya ce in kula da tsakanin ɗigo da ɗigo, nan ne daɗin yake.

Na ce gobe Juma'a zan miƙe bayan sallah in faɗa wa jama'a gaskiya.

Ya ce, "In ka samu dama. Ni dai Rabi nake tausaya wa, mata sun daina kiranta."

Juma'a ta zo, aka idar, na dubi dattawa, ban miƙe ba. Na ce sai ta sama.

Ga shi ba ta same shi ba.

Don haka nake faɗa yau, kowa ya karanta, wanda bai iya boko ba a karanta masa. Malam Habu bai binne asiri ba. Ƙarya na yi don a yi dariya. Mai neman wanda zai ƙaurace wa, ga ni.

Mama Rabi, ki yafe min.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Habu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma Ka yafe min haƙƙinsa da na ɗauka.

Ina roƙon duk wanda ya ga wannan ya sa shi a addu'a, ya kuma kira mutum ɗaya da ya taɓa gaya wa zancen ya warware masa, ko a nan yake ko a gida. Gobe bayan azahar. Masu mota ku ɗauko marasa mota, mata ku je wa Mama Rabi tun yau. Don Allah a cika masa sahu.